Saniyar Sodangi

Boɗinga, farkon damina

Zuwa ga Kaka Afiniki,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya, ke da maƙwabtanki na Horo Birni. Yaya ciwon gwiwa? Mu nan lafiya lau. Lami tana gaishe ki, 'yarmu Rifkatu kuma ta fara haƙori, ba abin da ta bari bai sha cizo ba.

Na gaji da kiranki a waya. Ina ta ɗaga murya kina cewa wa ke magana, har masu kawo mini gyaran injin ban-ruwa suka fara yi mini dariya a rumfa. Shi ya sa na koma takarda. Mode direba zai riƙa miƙa miki duk ranar da ya shigo wajenku.

Kaka, labarin da muke ji daga can ba daɗi. An ce an kore shanun rugar da ke bayan garinku, Fulanin kuma sun tashi. Kin san abin da ya same mu a hanya bara, ranar da aka sauke abokina Ezra daga mota a gabana aka shiga daji da shi. Har yau shiru. Tun ranar ban sake taɓa gangar majami'a ba, ko babur ya wuce da gudu sai gabana ya faɗi. Ba zan iya jin irin wannan labari a kanki ba.

Ki taho Boɗinga. Mun share miki ɗaki, ga majami'a kusa, ba sai kin yi sujada ke kaɗai a gindin darbejiya ba. Mijinki Malam Iliya ya riga ya huta, kabarinsa ba ya bukatar gadi. Na san ke da kakata Kande 'ya'yan wa da ƙani ne kawai, amma a ƙasar nan ba ni da tsohuwar da ta wuce ki.

Jikanki,
Habila

*

Horo Birni

Zuwa ga maigidana Habila,

Salamar Ubangiji ta kasance tare da kai, da Lami, da mai sababbin haƙora. Takardarka ta same ni lafiya. Gwiwa tana nan tana mulkinta, kunne kuma na gode masa, yana tace mini surutun banza. Ruwa ya sauka, na shuka gero da kuɓewa a bayan gida. Wane irin miji ne kai, sai da aka kore shanu ka tuna kana da mata a ƙauye?

Labarin da ka ji gaskiya ne. Rugar Sodangi ce. An kwashe masa fiye da rabin garke, ya tattara iyalinsa da abin da ya rage ya yi yamma, ba wanda ya san inda ya sauka. Sodangi shi ne dogon Bafulatanin da ya riƙe ƙafar makara ranar da aka binne Malam Iliya, in ka tuna. Abokai ne tun Malam yana sabon zuwa aikin ɗakin shan magani a garin nan, aikin da ya sa har yau ake ce mini Inna Likita.

Ga abin da ya hana ni tahowa. Bayan rasuwar Malam, Sodangi ya jawo wata karsana mai farin goshi, sunanta Wule, ya ɗaure mini ita a turke. Fulani suna kiran wannan haɓɓanaye. Aro ne: ka riƙe saniya, ka sha nononta, ta haihu sau uku a hannunka, 'ya'yan naka ne, sannan ka mayar wa mai ita da uwar. Ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ba a ko ɗaga mata sanda. Ta haifa mini maraƙi, shi na sayar na yi rufin kwano. Ta haifa mini karsana, tana nan ta zama budurwa. Yanzu cikin na uku gare ta, ya tsufa.

Ba zan kora mai tsohon ciki zuwa Boɗinga ba. Kuma in Sodangi ya dawo, ƙofar nan zai nufa. Ina so ya tarar da mutum.

Kada ka damu da ni. Hankalina a kwance yake. Kowace safiya in na zauna tatsa, sai in ce, Ubangiji, ga ni, ga Wule, ga garin nan, ka san abin da ke cikin daji ni ban sani ba. Raina ma haɓɓanaye ne, shi ya ɗaura mini. Ranar da ya zo karɓa zan miƙa masa igiya ba gardama.

Na ji abin da ka ce game da ganga. Ba zan yi maka wa'azi ba, kana da fasto. Amma ina sa sunan Ezra a addu'a, da naka.

Ga kwalbar man shanu nan wajen Mode, ta Lami ce, ba taka ba.

Kakarka,
Afiniki

*

Boɗinga

Kaka,

Muna lafiya, man ya iso, Lami ta gode. Ina fata gwiwa da sauƙi.

Na karanta takardarki har na haddace ƙarshenta, kuma ban ji daɗi ba. Kin ce za ki miƙa igiya ba gardama. Wato kin gama shiri ke nan, kin zauna kina jiran ranar da za su shigo su aika ki wajen Malam Iliya. Wannan kike kira kwanciyar hankali? Ni a wurina kin gaji da duniya ne kika sa wa abin rigar bangaskiya. Uwar Ezra ma ta yi addu'a, Kaka. Ta yi azumi har ta faɗi a majami'a.

Tunda saniya ce ta ɗaure ki, na kwance miki. Na yi magana da wani dillalin shanu a nan, Aminu, mutumin kirki ne, ina gyara masa injin gonar albasa. Zai zo ya duba ta ya saya da daraja. Kuɗin kuma ba za mu taɓa ba, zan ajiye wa Sodangi har ranar da ya bayyana. Ba wanda ya ci amanar wani. Karsanarki kuwa ki bar wa maƙwabta su riƙa miki.

Ki haɗa kayanki, zan gaya wa Mode ya bar miki gidan gaba.

Habila

*

Horo Birni

Habila,

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangiji. Ina lafiya, Wule ma tana lafiya, ko da yake ba don ƙoƙarinka ba.

Amininka ya zo. Ya zagaya ta, ya buɗe mata baki, ya kama kunnenta ya ga tsagar gidan Sodangi. Na ba shi fura ya sha, na ce ya gaida wanda ya aiko shi. Kai ɗan birni, da ka tambaye ni kafin ka yi aike. Bafulatani ya san uwar saniyarsa, da kakarta, da kakar kakarta. Wule jinin shanun uban Sodangi ce. In ya dawo ka miƙa masa takardun kuɗi, me zai tatsa a jikinsu?

Aminu bai yi da mugunta ba, amma bakinsa bai tsaya ba. Ya je kasuwar Shagari yana ba da labarin wata tsohuwa Kirista da ke ɓoye saniya mai tsagar Fulani ta ƙi sayarwa. Ka san yadda gari yake yanzu, kowa a tsorace, kowa yana neman wanda zai nuna da yatsa. Shekaranjiya da hantsi sai ga 'yan sa-kai a ƙofar gida da bindigoginsu na toka. Babbansu Maniru, wanda na sani tun yana yawo ba wando.

Ya ce, “Inna Likita, saniyag ga ta wa ta?”

Na ce, “Ta Sodangi ta, ɗana. Kai ma ka sani.”

Ya ce, “Mu dai an ce muna duk dabbad da munka ishe da tsagar Hillani, mu tai da ita. Wa yas san ko ajiya mutanen daji sunka ba ki?”

Ɗaya daga cikinsu har ya kai hannu ga igiya. Zan gaya maka gaskiya, Habila, na ji tsoro. Addu'ar da na iya duk ta gudu ta bar ni da Yesu ka taimake ni. Ita na yi ta maimaitawa a zuci. Ban san lokacin da na je na zauna a kan turken ba. Na ce in za su kwance ta sai su fara ɗaga ni, kuma su yi a hankali don ina da nauyi.

Sai maƙwabciyata Sa'adatu ta leƙo ta kan danga, hannunta duk ƙullu. Ta ce, “Maniru, ba ka jin kunya? Nonon saniyag ga ɗiyanka sunka sha bara da matarka tay yi ciwo. Lokacin ba ka ga tsaga ba?”

Ya sunkuyar da kai, amma yaransa suna kallonsa, ba zai juya haka kawai ba. Aka tsaya a kan za a kai magana gaban Maigari. In ya ce a tafi da ita, za a tafi da ita. Yanzu jira muke.

Sauran maganarka kuma. Ka karanta takardata da idon tsoro, shi ya sa ka ga mutuwa a ciki. Wanda ya gaji da duniya yana shuka kuɓewa? Saniyar aro an fi kula da ita a kan taka ta kanka, ita ake fara ba dusa, ita ake fara kai wa inuwa. Haka nake riƙe da raina. Ina kulle ƙofa, ba na zuwa itace ni kaɗai, in an ce a kwana a makaranta tare da matan gari ina ɗaukar tabarmata. Abin da ban yarda ba shi ne in mutu yau saboda tsoron gobe.

Ban san dalilin da ya sa Ezra bai dawo ba. Ba zan ƙirƙiro maka amsa ba. Na dai san Ubangijin da nake bi ya san daji, ya san kuka, shi ma an taɓa kama shi an tafi da shi. Ka je ka gaida uwar yaron nan. Na tabbata tun bara kake kauce wa layinsu.

Ban yi fushi da kai ba. Na ɗan yi, ya wuce.

Kakarka,
Afiniki

*

Boɗinga, tsakiyar damina

Kaka Afiniki,

Ina gaishe ki, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki a tsaye. Rifkatu ta yi zazzaɓi ta warke. Ni kuwa jikina lafiya, zuciyata ce ba lafiya.

Wannan ce ta biyu da na rubuta ba amsa. Ta farko tana aljihun Mode, ya ce ruwa ya cinye hanyarku, mota ba ta shiga. Wannan zan ba wani mai babur da ke kai gishiri Lambara, ya ce zai san yadda zai yi. A tasha kowa da labarinsa. Wani ya ce an kwashe shanun Horo Birni duka, wani ya ce an kama wata tsohuwa. Na tambayi sunanta, bai sani ba.

Ni na jawo miki wannan. Na aika mutum ya taɓa abin da ban san kansa ba, don kawai in samu barci. Ki gafarce ni.

Na je gidan su Ezra. Na tsaya a ƙofa kamar in juya, sai uwar ta gan ni. Na zaci za ta tambaye ni yadda aka yi na dawo ɗanta bai dawo ba. Ba ta tambaya ba. Ta kawo mini ruwa, ta ce ta ji daɗi da na zo, don in ta gan ni tana tuna muryarsa a cikin mawaƙa. Ta riƙe hannuna ta yi addu'a, ta sa har da waɗanda suka tafi da shi. Ban iya cewa amin a wannan wurin ba, amma ban zare hannuna ba.

Ran Lahadi na shiga sujada na zauna a bencin baya. Ban yi waƙa ba. Na dai ce, Ubangiji, ga Kaka, ga saniyar mutane, ni na ɓata, kai ka gyara. Na fito ban san komai fiye da yadda na shiga ba, amma na ci tuwo a ranar har na nemi ƙari.

In hanya ta buɗu ban ji daga gare ki ba, zan taho da kaina. Tun bara ban hau wannan hanyar ba, amma zan hau.

Jikanki,
Habila

*

Horo Birni

Maigidana,

Salama. Takardunka biyu sun iso rana ɗaya, ɗaya ta jiƙe, ɗaya tana warin gishiri. Ina nan da raina, ba wanda ya kama ni, wa zai iya ciyar da ni? A shafa mini kan Rifkatu.

An yi zama a zauren Maigari. Na sa zanen zumuntar mata na tafi, Sa'adatu tana riƙe da hannuna tana maimaita mini abin da kunnena ya zubar. Maniru ya faɗi nasa, kuma ban ga laifinsa duka ba, an kashe masa ƙane a gona bana. Ni ma na faɗi nawa. Can Liman ya gyara zama ya ce, “Ranka shi daɗe, ina wurin anka ɗaura ta. Ni niy yi addu'a bisa igiyar. In ajiyar ɓarayi ta, to da ni anka yi.”

Maigari ya ce, “Saniya ta zamna inda mai ita yab bar ta. Wanda yat taɓa ta, ni yat taɓa.”

Na dawo gida na shiga ɗaki na yi kuka, na gode wa Ubangiji da ya ba ni Liman a matsayin lauya.

Bayan kwana kaɗan Wule ta haihu, namiji, ja kamar tukunya sabuwa. Haihuwar ta zo da gardama, kuma ka san wanda ya tube riga ya jawo ɗan? Maniru. Da zai tafi na cika masa ƙwarya da nono.

Na gafarta maka tun kafin ka roƙa. Zuwanka gidan su Ezra ya fi mini kowace irin ban-haƙuri. In za ka zo ka zo, amma da rana, cikin motar Mode, ranar da hanya take da mutane. Kuma kada ka zo da niyyar ɗaukata. Na cika uku, saura mai ita.

Afiniki

*

Horo Birni, bayan girbi

Zuwa ga Habila,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ina fata ka koma lafiya tun wancan zuwan, ka kuma huce daga harbin da Wule ta yi maka. Na gaya maka ba a tatsa ta hagu. Mode ya ce an ji ganga a majami'arku, kuma an ce hannun ya yi kama da naka. Ban tambaye ka ba, ba sai ka amsa ba.

Sodangi ya dawo.

Ina sheƙe gero da la'asar na ga mutum tsaye a bakin danga, da sanda a kafaɗa, ba ko akuya a bayansa. Sai da ya yi magana na gane shi, don ya rame ƙwarai.

Ya ce, “Inna Likita, kina nan?”

Na ce, “Ina za ni?”

Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa. Muka gaisa, muka sake gaisawa, ka san su ba sa gaggawa. Iyalinsa suna lafiya, ya bar su wajen dangin matarsa. Da na tambayi shanu sai ya dubi ƙasa ya ce, “Sun bi mu har can. Ba su bar ko guda ba.” Ya ce bai zo don komai ba, ya zo ne ya ga ko ina da rai, don an gaya masa an tattara duk dabbar Fulani da ke garin nan tun damina.

Wule ce ta ba shi amsa. Ta jiyo muryarsa daga bayan ɗaki ta yi wani kuka da ban taɓa jin ta yi ba. Sodangi ya miƙe. Ya zagaya a hankali, ina biye da shi. Ya tsaya a gabanta ya kira sunanta, ya kira na uwarta, ya kira na kakarta, ta miƙo wuya tana lasar hannunsa. Sai ya juya mini baya ya ja rawani ya rufe fuska. Na koma wajen gerona na ba shi wuri, don ba a kallon Bafulatani a irin wannan hali.

Da ya dawo tabarma na ɗauko igiyar na ajiye a gabansa. Na ce ta cika uku, na gode, Allah ya saka. Jan maraƙin zai bi uwarsa har a yaye shi. Sannan na ce ya haɗa da karsanar, don saniya ɗaya ba ta tayar da garke.

Ya girgiza kai. “A'a, Inna. Ɗiyan haɓɓanaye naki na. Abin da munka ba, ba mu amsa. In niy yi haka, mi za ni ce ma ubana?”

Na yi, na yi, ya ƙi. Mutum ba shi da komai a duniya sai sanda, amma kyauta ta fi ƙarfin wuyansa. Na roƙi Ubangiji dabara a zuci, sai ya ba ni. Na aika aka kira Liman da Sa'adatu. Na shiga ɗaki na ɗauko sabuwar igiya, na ɗaura wa karsanar a gabansu, na miƙa masa bakin igiyar. Na ce, “Ba kyauta ba ta. Haɓɓanaye ta. Ta haihu ukku hannunka, ɗiyan naka, ka maido man abina. Kada ka sai da ita, kada ka buge ta.”

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, “Tun da nike, ban taɓa jin Kaɗo ya ɗaura ma Bahillace saniya ba.”

Na ce, “To yau ka jiya, kuma kunnenka ya hi nawa.”

Liman ya yi dariya har ya yi tari, sannan ya yi addu'arsa, ni ma na yi tawa. Sodangi ya sa hannu biyu ya karɓa.

Maigari ya ba shi gonarsa ta bayan gari, ya je ya ɗauko iyalinsa suka sauka, shanun su ci kara su bar masa taki. Daji bai gyaru ba, Habila, har yanzu muna kwana da kunne ɗaya a buɗe. Amma jiya da safe matar Sodangi ta aiko mini da nono a ƙwarya, na zauna a gindin darbejiya na sha, turke ba kowa, zuciyata kuwa cike.

Ka gaya wa Lami zan zo Kirsimeti in yi mako biyu, in ga Rifkatu, in ji gangar nan da kunnena mai kyau. Daga nan zan dawo. Ina da saniya a hannun mutum, ko cikin fari ba ta ɗauka ba tukuna, kuma sai ta haihu uku. Ka lissafa shekarun da kanka, sannan ka roƙa mini Ubangiji ya ƙara wa gwiwar nan ƙarfi, don ni zan karɓi igiyata da hannuna.

Kakarka,
Afiniki